Masu cewa keken caji na ragwaye ne, ku matso kusa 🧵

1/ Wata takwas ke nan ina hawa keke mai caji daga Rijiyar Zaki zuwa Kantin Kwari, har yau ba a daina tsokanata ba. Wai keken ragwaye. To yau zan rama.

2/ Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da N200 har ta haura N1,000 a 2024. Na jingine babur, na koma keken gargajiya. Sati biyu na yi na sallama.

3/ Kuma ba ƙafata ce ta gaza ba. Gumi ne. Ka iso shago shadda ta manne maka a baya, kwastoma na kallonka kamar ɗan dako. Wannan ne ya raba yawancinmu da keke, ba ragwanci ba. Shi kuma batir ya magance.

4/ Daɗin kuwa sai wanda ya hau. Ka taka feda sau biyu, sai ka ji kamar an sa hannu an tura ka ta baya, irin yadda yayanka ya yi maka ranar da kake koyon keke. Ba ƙara, ba hayaƙi, iskar safe kawai. Gadar Ƙofar Nasarawa da nake hawa ina haki, yanzu ina zaune daram nake haye ta. Kuma fa ina taka fedar, wallahi, wahalar ce kawai babu.

5/ Lissafi: batirina 48V 12Ah ne. Cika shi bai cin yunit ɗaya na wuta, rabi da ɗoriya ne. Ku gwada da kuɗin lita.

6/ Amma kar in ruɗe ku, batirin nan shi ne keken. Wanda ya sayar min ya rantse caji ɗaya zai yi kilomita 60. Da nauyina da zafin Afrilu, in na samu 40 na gode Allah. Kafin ku biya ku tambaya: litiyam ne ko mai nauyin nan irin na mota? In ya mutu nawa sabo, kuma a ina?

7/ Don Allah kar ku sa caji a ɗakin da kuke kwana. Na sani, NEPA sai biyun dare suke kawo wuta. Amma batirin litiyam in ya kama wuta ba ya jin magana. Cajarsa ta asali, a tsakar gida, nesa da katifa.

8/ Shirun nasa ma matsala ne, masu tsallaka titi ba sa jin zuwanka. Ƙararrawa da hular kwano dole.

9/ Af, wanda ya fi kowa tsokanata a layinmu jiya ya ari keken, wai zai sayo ruwa ya dawo. Minti arba'in ya yi, kuma ya manto ruwan 😂