Ka yi ƙuruciya a Landan, ka dawo Samaru a daskarar maka da fansho

1/ Masu shirin japa, ku zo mu yi maganar da ba a yi a wajen cika fom. Kowa na lissafin albashin da zai ɗauka a waje. Ba mai lissafin abin da zai rage masa ranar da ƙarfi ya ƙare ya ce zai dawo gida. Zare ne, ku bi a hankali.

2/ A Zariya mun san tsarin. Yaro ya gama ABU, ya yi aiki shekara biyu-uku a asibitin Shika, sai Ingila ko Amurka ko Saudiyya. Burin ɗaya ne: ya sayi fili a Hanwa ko Palladan, ya gina, ya dawo ya tsufa kusa da danginsa. Buri mai kyau. To ga inda gizo ke saƙar.

3/ Mu fara da Ingila. Sai ka yi aƙalla shekara 10 kana biyan kuɗin inshorar ƙasa kafin ka samu komai a fanshon gwamnati. Cikakke kuma sai shekara 35. Duk Afrilu ana ƙara kuɗin saboda tsadar rayuwa. Amma in ka dawo Najeriya da zama, ƙarin ya tsaya. Inda ka baro shi nan zai tsaya har mutuwa.

4/ Ga lissafi. A 2016 cikakken fanshon fam 155.65 ne a mako. A Afrilun 2025 ya kai fam 230.25. Mutum biyu, aiki ɗaya, gumi ɗaya. A 2025 wanda ya zauna Landan ya karɓi 230.25. Wanda ya dawo Samaru tun 2016 yana nan a 155.65. A 2025 fam 74 da ɗoriya duk mako sun tafi.

5/ Ba su kira shi haraji ba, amma ni haraji nake kiransa: harajin son gida. Laifin mutum kawai ya ce a binne shi inda aka binne iyayensa.

6/ Kar wani ya ce haka dokar take ga kowa. Ba haka ba ne. In ka koma Jamaika ko Filifins, ana yi maka ƙarin, don ƙasashen suna da yarjejeniya da Ingila a kan fansho. Filifins ma'aikatan jinya take turawa, kamar mu. Nata suna komawa gida da ƙarinsu, namu suna dawowa da kuɗin da aka sa wa kwaɗo.

7/ Amurka kuma gatse-gatse take yi. In kai ɗan ƙasa ne, duk inda ka je a duniya harajinta na bin ka. In ba ɗan ƙasa ba ne kuma ka bar zama can, ana cire kashi 25.5 cikin 100 na fanshon gwamnati tun kafin ya iso hannunka. Wasu ƙasashe sun sauke wa mutanensu wannan ta yarjejeniyar haraji. Mu ba mu da ita da Amurka.

8/ Saudiyya fa? Ba harajin albashi, gaskiya ne. Amma baƙo ba ya cikin fanshon gwamnati. Kuɗin sallama za a ba ka sau ɗaya, shi ke nan. In ka cinye a bukukuwa, Allah ya ba da haƙuri.

9/ Yanzu mu dawo gida. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ajiye kashi 8, mai aiki ya sa kashi 10, kuma fanshon da za a biya shi ba haraji a kai. Ke nan Najeriya ta yarda da asalin maganar: fansho ba riba ba ce, albashi ne da aka jinkirta.

10/ Amma kuma wanda ke zaune a ƙasar nan, doka na duba abin da yake samu daga ko'ina a duniya. Sabuwar dokar haraji da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta bar wannan ƙa'ida. To a fito a faɗa ɓaro-ɓaro, har da Hausa a rediyo: tsohon da ya dawo da fanshon waje, ba za a sake yankar abin da aka riga aka yanka ba.

11/ Abin da ke ba ni haushi shi ne, duk shekara a hau mimbari ana yabon 'yan Najeriya mazauna waje, ana kirga kusan dala biliyan 20 da suke turowa. Har hukuma aka kafa musu, NiDCOM. Ana son madararsu, amma ba a tambayar inda saniyar za ta kwana in ta tsufa.

12/ Na san wani zai ce: su suka gudu, su ji da shi. Malam, in likita ya fasa dawowa saboda lissafi bai fita ba, wa ya yi asara? Magini a Hayin Dogo, mai siminti a Sabon Gari, marayun da zai biya wa makaranta, da mara lafiyar da zai duba da yamma kyauta.

13/ Sabon Gari kanta ai mutanen da suka baro garuruwansu don aikin jirgin ƙasa da kamfanoni ne suka cika ta, fiye da shekara 100 da suka wuce. Cin-rani ba sabon abu ba ne a wurinmu, kuma ɗan cin-rani gida yake komawa.

14/ Buƙata biyu ce. A nemi yarjejeniyar fansho da Ingila, a nemi ta haraji da Amurka. Ku tambayi ɗan majalisarku mai wakiltar Sabon Gari ko ya taɓa ɗaga wannan a Abuja.

15/ Kai kuma mai shirin tafiya, kafin ka sa hannu tambayi abu uku: shekara nawa zan yi kafin in cancanci fansho? In na dawo za a ci gaba da ƙari? Wa zai cire haraji, kuma nawa? Ku tura wa ɗan'uwanku da ke can. Tun da rana ake kama baƙar akuya.