Wa Ya Kori Akushi Daga Ɗakin Amarya?

Jama'a, lokaci ya yi da za mu faɗa wa juna gaskiya game da kayan ɗaki. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, Gusau ta zama hedikwata, sababbin gidaje suka yi ta tashi, mu kuma muka koma jin kunyar abin da muka gada.

A Tsafe da Bungudu, kakanninmu sun yi jere da gadon ƙarfe mai rumfa, da adudu, da akushi, da kujerar da aka sassaƙa daga icce guda. Gadon nan ya ga 'ya'ya da jikoki bai karye ba. Yau mun auna shi a sikelin 'yan gwangwan. A madadinsa uba kan sayar da gona, ya sayo gado da kabet na garin katako da aka matse da gam. Damina biyu laima ta kumbura su, sai bashi ya rage.

Mu marubuta da hannunmu a ciki. A littattafanmu ɗakin jaruma kullum kayan Dubai ne, akushi kuwa sai gidan matsiyaci. Ɗalibanmu mata sun karanta, sun ɗauka haka aure yake.

Ba mu ce a ƙi na zamani ba. Katifa ta fi gadon kara. Amma a duba ƙwari kafin ƙyalli. A gyara na gado, a ba kafintan unguwa katakon maɗaci ya yi sabo. Da tsohuwar zuma ake magani. Gyaran kuwa daga alƙalaminmu zai fara.