A Bar Gizo Ya Shigo Gari

Akwai masu ganin cewa duk marubucin da ya ɗauko kura ko Gizo ya ajiye su a tashar mota ya lalata tatsuniya, ya kwaikwayi Turawa. A wurinsu mazaunin dabba daji ne, can kuma ya kamata labarinta ya tsaya. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma ba daga Turai zan ɗauko hujjata ba.

Alhaji Abubakar Imam, wanda Ruwan Bagaja ya fito da sunansa a gasar 1933, bai ɗora akun Magana Jari Ce a kan reshen tsamiya ba. A fadar Sarki Abdurrahman ya zaunar da shi, a tsakiyar birni, inda waziri ke ƙulla makirci. Dare bayan dare aku yana tsare Musa da labari don kada ya fita ya faɗa tarko. Imam ya gane cewa dabbar labari tana zama ne inda haɗari ke jiran yaro. Wa ya taɓa cewa ya ci amanar gargajiya?

To, ina yaran Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suke a yau? Da yawansu 'yan bindiga sun raba su da gonakin iyayensu, suna raɓe a gidajen dangi a Funtuwa da Katsina. Tun daren Disamba 2020 da aka kora ɗaruruwan ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara cikin daji, dajin ya daina zama filin wasan zomo a zuciyar yaro. Mai ba shi labarin kurmi kamar babu abin da ya faru, fami kawai yake yi masa.

Yaron nan yana buƙatar Gizon da ke damfara a kasuwar Funtuwa, da Ƙoƙin da ke fama da kuɗin haya, da akuyar da ta koyi tsallaka titi, domin su ne darussan rayuwar da ta same shi. Na yarda akwai ilimin itatuwa da namun daji da bai kamata ya ɓace ba. Sai dai ba a adana gado ta hanyar kulle shi inda magada ba sa iya zuwa.

Marubuta, yara sun yi hijira. Ku bar Gizo ya bi su.