Guguwar da Ba Ta Zo Ba

A ranar Juma'a 26 ga Satumban 2025, gwamnan jihar Karolina ta Kudu a Amurka, Henry McMaster, ya ayyana dokar ta-ɓaci saboda wata guguwa da ko suna ba a raɗa mata ba tukuna. Washegari takwaransa na Karolina ta Arewa, Josh Stein, ya bi sahu. Abin da ake jin tsoro a lokacin bai wuce tarin hadari da ke yawo tsakanin gabashin Kuba da tsibiran Bahamas ba. Sai ranar Lahadi ya haɗa jikinsa ya zama guguwa, aka sa mata suna Imelda. Ta nufi arewa a hankali kamar mai jan ƙafa, sannan ta karya kwana ta yi gabas, ta shige cikin Tekun Atlantika ba tare da ta taka ƙasar Amurka ba.

Duk lokacin da haka ta faru ba a rasa masu cewa an tayar wa jama'a da hankali a banza, wai masana yanayi sun sake yin tufka da warwara. Wannan hukunci kuskure ne, kuma kuskure mai hatsari, domin wanda ya yanke shi a bana shi ne zai yi kunnen uwar shegu da gargaɗin baɗi. Gargaɗin ranar Juma'a daidai ne bisa abin da aka sani ranar Juma'a. Inda za a iya kama masana da laifi shi ne a yadda ake zana wa jama'a rashin tabbas, musamman idan guguwa biyu suka kusanci juna.

Dalilin karya kwanar Imelda yana can gabas da ita. Wata guguwar mai suna Humberto, wadda ta riga ta samun suna da kwana huɗu, ta yi ƙarfi cikin gaggawa har ta kai mataki na 5, wato ƙololuwar ma'aunin da ake auna irin waɗannan guguwa da shi, a ranar 27 ga wata. Iskarta ta kai gudun kusan kilomita 260 a cikin awa guda. Makomar gaɓar Karolina ta rataya ne a kan tseren da ke tsakanin su biyun: in Imelda ta yi sauri za ta isa gaɓa kafin Humberto ta cim mata, in kuwa ta yi nawa Humberto za ta ja ta zuwa teku. Ta yi nawa.

Kafin a kai ga wannan tsere, ya kamata a san inda ake fara bin sawun guguwa, domin mafarin ba baƙo ba ne ga mutumin ƙasar Hausa. Kowane manomi ya san hadarin damina daga gabas yake tasowa. A sama da yankin Sahel, tsayin kilomita uku zuwa huɗu, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, wadda bambancin zafin Sahara da sanyin gaɓar Tekun Gini ke haifarwa. Wannan iska takan lanƙwashe ta yi igiya-igiya, tun daga wajajen tsaunukan Habasha da Darfur, ta ratsa Cadi da Nijar da arewacin Najeriya, igiya ɗaya kowane kwana uku zuwa biyar, kowace tana tafe da nata hadarin. Kimanin 60 ke faɗawa Atlantika ta gaɓar Senegal da Gini a shekara. Mafi yawansu sukan mutu a hanya. Amma kaɗan da suka tarar da ruwan teku mai ɗumin digiri 26 ko fiye, da iska mai laima, sukan fara juyawa. Kusan kashi 85 cikin ɗari na manyan guguwar Atlantika daga irin waɗannan igiyoyi suke fitowa, kuma Humberto da Imelda duka 'ya'yansu ne.

Cibiyar Kula da Guguwa ta Amurka da ke Miyami tana sa wa kowace igiya ido tun daga gaɓar Afirka. Takan ɗora mata alama a taswira: ruwan ɗorawa in yiwuwar ta zama guguwa cikin kwana bakwai ƙarama ce, ruwan lemo in matsakaiciya ce, ja in ta haura kashi 60. Idan iska ta soma juyawa a kan cibiya guda kuma gudunta ya kai kilomita 63 a awa, sai a raɗa suna. A kilomita 119 ta zama mahaukaciyar guguwa. Taurarin ɗan'adam suna kallo daga sama, jiragen sama na musamman kuma suna kutsawa cikin guguwar kanta, suna sakin ƙananan na'urori da ke auna iska da laima yayin da suke faɗowa. Duk wannan awo ake zuba wa manyan kwamfutoci su lissafa inda za ta nufa.

Da yake awon ba ya taɓa cika, ba a yin lissafin sau ɗaya. Cibiyar hasashe ta Turai tana maimaita shi sau 51, ta Amurka sau 31, kowane karo da ɗan sauyi a alƙaluman farko. Idan aka zana sakamakon a taswira guda, layukan sukan fito a cukurkuɗe, shi ya sa ake musu laƙabi da taliya. In taliyar ta tafi a dunƙule, akwai tabbas. In ta warwatse, babu.

Guguwa ɗaya tak tana da sauƙin fahimta: iskar da ke kewaye da ita ce ke tura ta, kamar yadda kogi ke tafiya da ƙwarya. A Atlantika babban mai tuƙin shi ne wani faffaɗan yanki na iska mai nauyi da ke zaune a wajen tsibirin Bamuda, wanda guguwa ba ta iya ratsawa sai dai ta bi gefensa kamar mai zagaya ganuwa. Matsalar tana farawa ne idan guguwa ta biyu ta iso, domin kowace ta zama wani ɓangare na kogin da ke ɗauke da 'yar'uwarta. Wani masanin yanayi ɗan Japan, Sakuhei Fujiwara, shi ya bayyana wannan a 1921 bayan ya yi nazarin yadda ruwa mai juyawa a wuri biyu ke yi idan ya kusanci juna. Tazarar da abin ke somawa ta kai kimanin kilomita 1,400. A arewacin duniya guguwar biyu sukan kewaya juna saɓanin tafiyar hannun agogo, a kudanci kuma su bi hannun agogo. In ƙarfinsu ɗaya sukan yi 'yar rawa su rabu. In ɗaya ta fi girma takan ja ƙaramar, wani lokaci ta haɗiye ta ɗungurungum. A 1995 guguwar Iris ta yi irin wannan ja-in-ja da wata Humberto ta wancan zamani (ana maimaita jerin sunayen ne duk bayan shekara shida), daga baya kuma ta haɗiye Karen.

Kafofin labarai suna son wannan suna na Fujiwara fiye da kima, kuma a 2025 sun yi ta nanata shi kamar shi kaɗai ne labarin. Gaskiya ne guguwar biyu sun matso har tazararsu ta gaza kilomita 800, kusancin da ba a saba gani ba a Atlantika. Sai dai ba su yi cikakken zagaye a kan juna ba. Babban aikin da Humberto ta yi shi ne raunana waccan ganuwa ta Bamuda, ta buɗe ƙofa ta gabas, Imelda ta bi. Jan kai-tsaye ya taimaka, amma kashi ne na bayanin.

To a nan ne taswirar da jama'a suka fi sani take gazawa. Tun farkon shekarun 2000 cibiyar Miyami ke fitar da hoton hanyar guguwa a siffar mazurari, siriri a inda guguwar take, yana faɗaɗa zuwa kwana biyar gaba. Mutane da yawa suna ɗauka faɗin mazurarin yana nuna yawan shakkar da ake da ita game da wannan guguwa ta yau. Ba haka ba ne. Ana auna faɗinsa ne daga kurakuran hasashen shekara biyar da suka wuce, ta yadda zai rufe kashi biyu cikin uku na waɗannan kurakurai. Faɗinsa ɗaya ne ga kowace guguwa a wannan shekara, ko mai sauƙin hasashe ce ko mai wuya. Ga guguwa ɗaya da ke tafiya a fili, wannan ya wadatar. Ga Imelda kuwa taliyar ta rabu gida biyu, wasu layukan sun shiga Karolina, wasu sun yi teku. Matsakaicin hanya biyu irin waɗannan ba hanya ba ce. Mutumin da bai yanke shawara ba tsakanin zuwa Katsina da zuwa Zariya daga Kano, ba a cewa zai kwana a tsakiyarsu.

Masanan cibiyar sun san da haka, kuma rubutaccen bayanin da suke haɗawa da kowace taswira ya fito fili game da girman rashin tabbas ɗin. Amma bayanin na masu sana'ar ne. Abin da ke yawo a wayoyin jama'a hoto ne, shi kuwa hoton layi ɗaya yake nunawa. Gyaran da ya dace shi ne a bar faɗin mazurarin ya riƙa bin yanayin kowace guguwa, kuma idan hanya ta rabu biyu a zana su biyun, a rubuta kason yiwuwar kowace. Masu adawa da wannan suna cewa jama'a ba za su gane ba, za a rikita su. Wannan raina wayon mutane ne. Manomin da ke duban hadari ya yanke shawarar ko ya shuka yau ko ya jira, da kason yiwuwa yake aiki tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta.

Ba za a musanta cewa gargaɗin da bai tabbata ba yana da tsada ba. Ana rufe kasuwanni, masu otal suna asarar baƙi, talaka yana kashe kuɗin da ba shi da su wajen tanadin abinci da mai. Amma a dubi ɗaya gefen sikelin. Shekara guda cif kafin Imelda, a ƙarshen Satumban 2024, guguwar Helene ta kashe fiye da mutum 200 a kudu maso gabashin Amurka, kuma yammacin Karolina ta Arewa ne ya fi shan wuya. Gwamnan da ya ga haka, sannan aka nuna masa layukan da ke cewa wata guguwar na iya zuwa ta tsaya cik a bakin gaɓarsa tana zubar da ruwa, in ya jira tabbas to ihu zai yi bayan hari. Kwashe mutane daga tsibiran gaɓa yana cin kwanaki, tabbas kuwa ba ya zuwa sai kwanakin sun ƙare.

Kuma ba kullum guguwa ta biyu ke zama mai ceto ba. A Oktoban 2009 guguwar Parma ta ratsa arewacin tsibirin Luzon a Filifin ta fita teku, mutane suka ɗauka an rabu. Sai wata mai suna Melor ta gitta ta gabas, ta riƙe ta, Parma ta dawo. Sau uku ta taka wannan yanki, tana zuba ruwa a ƙasar da ta riga ta jiƙe, aka rasa fiye da mutum 400. A Afrilun 2021 ma Seroja, bayan ta yi ɓarna a Indonesiya da Timor ta Gabas, ta kewaya da wata ƙaramar guguwa mai suna Odette, ta juya ta faɗa wa garin Kalbarri a yammacin Ostireliya, wurin da ba a gina gidajensa don irin wannan iska ba. Abin da ya kuɓutar da Karolina shi ne ya halaka Luzon.

Rage shakka kuwa ba ta da wata hanya sai ƙarin awo, kuma awon ya fi ƙaranci a inda igiyoyin ke tasowa. Afirka ce nahiyar da ta fi kowace ƙarancin tashoshin auna yanayi. Balan-balan mai ɗauke da na'ura, wadda ya kamata tasha ta saki sau biyu a yini don auna iskar sama, a wurare da dama ba ta tashi saboda tsadar kayan aiki. A 2006 wani babban shirin bincike kan damina mai suna AMMA ya farfaɗo da tashoshi a Afirka ta Yamma, Yamai na cikin manyan sansanoninsa, amma ɗorewa bayan shirin ya ƙare ita ce matsalar. A 2021 Hukumar Yanayi ta Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa asusu na musamman don cike wannan giɓi. Kada a zuzuta abin: balan-balan daga Yamai ba za ta warware tseren Imelda da Humberto kwana goma daga baya ba. Abin da za ta inganta shi ne sanin wace igiya ce ke da ƙarfi tun tana kan ƙasa, kuma wannan sanin shi ne dai wanda ake buƙata don gaya wa mutanen Maraɗi ko Haɗeja cewa ruwa mai yawa na tafe. Ƙasashen da ke kashe kuɗi mai yawa a kan jiragen shiga guguwa suna da moriya ta kansu a cikin biyan kuɗin wannan balan-balan.

Akwai wani abu na ƙarshe da mazurarin ba ya nunawa. Hanyar cibiyar guguwa kaɗai yake zanawa, ɓarna kuwa tana wuce nan da nisa. Ruwan da ya zama Imelda ya haddasa zaftarewar ƙasa a gabashin Kuba tun kafin guguwar ta yi ƙarfi. Bayan ta juya, Bamuda, wadda ba ita ake magana a kai ba ranar Juma'a, ita ta karɓi iskarta a daren 1 ga Oktoba tana mataki na 2. A gaɓar Karolina ta Arewa kuwa, inda aka riga aka sauke ajiyar zuciya, manyan raƙuman ruwa da guguwar biyu suka turo daga ɗaruruwan kilomita sun isa ƙauyen Buxton ranar Talata 30 ga Satumba. Gidaje biyar suka rushe cikin teku a ƙasa da awa guda, na shida ya bi su da dare. Babu kowa a cikinsu.