Jama'ar Yerwa, Ku Tambayi Mai Labari: Wa Ya Gaya Maka?

Jama'ar Maiduguri, mun sha wuyar labarin ƙarya, mun san ɗacinsa. A watan Afrilun 2014, kwana biyu da sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, hedikwatar tsaro ta sanar cewa an kuɓutar da su, saura takwas. Kafofi suka yayata. Sai da iyayen yaran da shugabar makarantar suka ce sam, babu wannan zance, sannan aka janye maganar. Sau nawa aka shelanta mana mutuwar Shekau kafin ya mutu a 2021? Wannan daga bakin hukuma ke nan fa! To ina ga wanda ba shi da komai sai waya da data da zaƙin baki?

Yau duk wanda ya tara mabiya a Facebook ko TikTok ya zama "ɗan jarida". Da safe ya wanke wannan ɗan siyasa, da yamma ya kwance wa wancan zani a kasuwa, mu kuma muna ta turawa. Sau nawa muka tsaya muka tambayi wa ke saya masa datar?

Ku tuna Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday, ya kai har fadar Shehu. Uwa tana tsaye ruwa iya ƙugu, goye da jariri, cajin wayarta ya kusa ƙarewa, tana neman sanin hanyar da za ta ɓulle. A irin wannan sa'a, saƙon murya guda mai farawa da "an ce" ya isa ya tura ta inda ba za ta dawo ba. Wanda ya tura shi ba tare da ya bincika ba, da hannunsa a ciki.

Muna da 'yan jarida na gaske, kuma sun ɗanɗana kuɗarsu a kan aikin nan. A garin nan aka harbe Zakariya Isa na NTA a 2011. A Janairun 2019 sojoji suka rufe ofishin Daily Trust, suka tafi da Uthman Abubakar da Ibrahim Sawab saboda labarin da jaridar ta buga. Irin waɗannan suna da suna, suna da ofis, in sun yi kuskure akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Don haka mu tashi tsaye! Labari ya zo, a tambaya: wa ya faɗa, a ina, yaushe, ya gani da idonsa? In babu amsa, ya tsaya a wayarka. Wanda ka kama da ƙarya bai fito ya gyara ba, ka daina bin sa, ka gaya wa 'yan majalisarku dalili. Gidan rediyo ya kawo shirme, ku buga waya ana cikin shirin ku nemi hujja. Malamai, ku ɗaga wannan magana a kan mumbari. Matasa, ku zauna da iyaye ku nuna musu yadda ake gane tsohon hoto da aka liƙa wa sabon labari, ku fara da zauren WhatsApp na danginku, yau ɗin nan.