Kiwon lafiya: Maganin da ba shi da mai tsaro guba ne

A garin Bande, kan hanyar Damagaram zuwa Magarya, kamar a sauran garuruwan gundumomin Magarya da Dungas, a gida ake jinyar tsoho, almajiri kuwa a hannun malaminsa yake kwana yake tashi. Saboda haka sau da yawa magani ba ya hannun mai shan sa. Yana hannun uwargida, ko malamin makarantar allo, ko mai kula da ɗakin kwanan ƴan lakwal. Inda mutane da yawa suke kwana wuri ɗaya, ƙwaya guda da aka bari a kan tabarma tana iya jawo makoki.

Magani ya yawaita a gidajen wannan yanki. A shekarar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a Magarya, a 2013 kuma aka soma rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara daga wata 3 zuwa wata 59 a lokacin damina. Ana ba yaro na ranar farko a gaban ma'aikaci, na kwana biyu da suka rage kuwa a bar wa uwa. Ga kuma ƙwayoyin ƙarin jini na masu ciki, da na hawan jini da ciwon sukari na dattawa. Ƙwayar ƙarin jini ta yi kama da alawa, amma idan ƙaramin yaro ya haɗiye da yawa tana iya kashe shi. Farasitamol ma, idan ya wuce kima, hanta yake lalatawa.

Abu na farko shi ne a ɗora amanar magani a kan mutum ɗaya, da akwati ɗaya mai kwaɗo, da littafi ɗaya. A rubuta sunan maras lafiya, da sunan maganin, da lokacin sha, ko da boko ko da ajami. Kowane magani ya zauna cikin kwalinsa na asali, kada a juye ƙwayoyin mutum biyu cikin leda ɗaya. Wanda aka rubuta wa wani, ba a ba wani don ciwonsu ya yi kama.

Abu na biyu shi ne zafi. Yawancin magunguna an yi su ne don a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin jihar Damagaram yakan wuce digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi haka. Ɗakin ƙasa mai inuwa, nesa da murhu da taga, shi ya fi. Allurar insulin ta masu ciwon sukari sanyi take so. Inda babu firigo, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani tana rage zafi. Ita ce ta jawo wa Malam Muhammad Bah Abba na jihar Jigawa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Sai dai ƙwayoyi ba su shiga nan, domin laima tana ɓata su. Siron amoksisilin da aka dama da ruwa ba ya wuce kwana 7 zuwa 14, maganin ɗigawa a ido kuwa wata ɗaya bayan buɗewa ake rabuwa da shi.

Abu na uku shi ne saura. Wanda wa'adinsa ya cika, ko launinsa ya canza, ko mai shi ya rasu, a mai da shi gidan likita. Ba a zuba shi a rijiya ko tafki, ba a jefa shi a juji inda yara da awaki suke tono. Idan gidan likita ya yi nisa, a cakuɗa ƙwayoyin da toka, a ɗaure, a binne da zurfi nesa da ruwan sha. Allurar da aka yi aiki da ita a tara ta cikin gwangwani mai murfi, a kai wa ma'aikatan lafiya su ƙone. Kwali kuwa a yayyaga shi, domin masu haɗa jabu suna neman sa. Nijar ta san illar jabu: a annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa dubban mutane rigakafin bogi, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake yin gargaɗi a kan irinsa.

Ya kamata ƴan kasuwa su ƙi sayen sauran magani daga hannun kowa, komai arharsa, domin ribar da ke cikinsa ba ta kai ran ɗan mutum ba. Ma'aikatan hukuma da masu unguwanni kuma su riƙa leƙa makarantun allo da ɗakunan kwana, su tambayi inda akwatin yake da wanda ke riƙe da makullinsa. Allah ya ƙara wa jama'a lafiya, amin.