A ƘIDAYA MU KAFIN A BA KWAMFUTA MAKUNNIN WUTA

'Yan uwana mazauna Fadan Kagoma da Kafanchan da Godogodo da kewaye.

Kwanan baya wani abokina ya dawo daga Abuja, ya zauna a shagon mahaifina ya cika mu da labari, wai matsalar wutar lantarki ta kusa zama tarihi domin ƙirƙirarriyar basira ce za ta riƙa sarrafa layukan wuta. Na ce masa ban yarda ba, ya ce ƙauyanci ne ke damuna. To jama'a ga hujjata, ku yi mana alƙalanci.

Yadda abin ke aiki shi ne, ana liƙa ƙananan na'urori a jikin layuka da taransifoma, suna aika wa kwamfuta bayanin ƙarfin wuta da yawan masu jan ta. Kwamfutar tana koyo daga bayanan da aka tara a baya, ta yi hasashen inda nauyi zai yi yawa, sannan da kanta ta kashe wannan layi ta bar wancan. Kun ga wannan ya wuce hira da waya. Idan ta yi kuskure a nan, kifin da ke firij ne zai ruɓe, injin niƙa ya tsaya, asibiti ya shiga duhu.

Tambayata ita ce, daga wane bayani za ta koya? A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ƙara kuɗin wutar 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, bisa alkawarin awa 20 a rana, alhali na rukunin ƙarshe, Band E, awa 4 aka yi musu alkawari. Ke nan an riga an rubuta waye ɗan gata waye ɗan bora. Gidaje da shaguna da yawa a yankinmu ko mita ba su da ita, lissafin ƙiyasi ake kawo musu. Wanda ba shi da mita kuwa kwamfuta ba ta san da zamansa ba. Idan aka ce mata ta kare kuɗin shiga, duk ranar da wuta ta yi ƙaranci mu za ta fara yankewa, domin haka ta tarar ana yi, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A da ka iya zuwa ofis ka yi ƙorafi gaban mutum, gobe ce maka za a yi na'ura ce ta yanke hukunci. Wa za ka kama?

Ku tuna watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala, yawancin Arewa ta fi mako cikin duhu. Wace kwamfuta ce za ta ɗaga turken da aka kayar? Sannan duk makunnin da aka haɗa da intanet, ɓarawo na iya taɓa shi daga nesa. A Disambar 2015 masu kutse sun kashe wa mutum sama da 200,000 wuta a ƙasar Yukren ba tare da sun hau falwaya ko ɗaya ba.

Kada wani ya ce ina gaba da ci gaba. Tun 2022 jiragen Zipline marasa matuƙi suka fara kai magani asibitocin karkara daga Pambegua a jihar nan, kuma abin a yaba ne. Amma su an san kowane asibitin da suke kai wa, an rubuta sunansa da inda yake.

Don haka abu uku nake kira a kai. A sa wa kowa mita tukuna. A bayyana ƙa'idar da na'urar za ta bi wajen yanke wuta. A kuma faɗi jami'in da zai amsa tambaya idan ta yi ɓarna.

Shawarata ta ƙarshe, kada mu ɗauki wannan kukan a matsayin na Hausawa kaɗai. Taransifoma ɗaya muke sha da maƙwabtanmu 'yan Gwong, duhu ba ya tambayar yare ko addini. Mu haɗu da su, mu rubuta takarda ɗaya, mu kai wa wakilanmu tun kafin a gama shirya abin babu mu.

Allah ya sa mu dace, amin. Wassalam.